TSAKUWA KO GYAƊA

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo, wai na bar Turai a ƙofar kwaleji na tafi harkokina, to ga ta nan ta shiga. Mai saurin kuka ya nemi abin share ido tun yanzu.

*

Takarda ta ƙarshe ke nan cikin waɗanda ɗalibai suka cika Turai ta ajiye a kan tebur.

Ka gamsu da abincin da ake ba ka? Na gamsu ƙwarai.

Ka gamsu da ɗakin kwana? Na gamsu ƙwarai.

Akwai abin da kake so a gyara? Babu, mun gode wa Mushe Darakta.

Ta zaro wata daga tsakiya, haka. Ta zaro ta can ƙasa, haka. Har inda aka ɗiga aya iri ɗaya ne, sai ka ce mutum guda ya zauna ya cika su duka.

Ta ɗago kai ta dubi ɗaliban Kwalejin Tudun Gawo da aka tara mata a ɗakin cin abinci. Maza a dama, 'yan matan da ba su da yawa a hagu. Kowa ya sha wanka, kowa ya sunkuyar da kai. Riguna sun sha guga, amma jikin da ke ciki bai cika su ba.

Darakta Maiwada, wanda suke ce wa Mushe, wato Malam a Faransanci, yana gefe a kan kujerarsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kaɗa makullan mangaza, ɗakin ajiyar hatsi, a yatsa.

"To, Madam Sambo," ya ce, "kin gani da idonki. 'Ya'yana ba su da kuka. Ki faɗa wa mutanen Yamai su kwantar da hankalinsu."

Turai ta yi masa murmushi. Shekara uku tana koyon murmushin nan.

Ma'aikatar ilimi ce ta aiko ta. Tun da sojoji suka karɓi mulki bara ake bin makarantun kwana ana tambayar ɗalibai yadda suke ci da yadda suke karatu, kuma duk wanda aka kama ya taɓa hatsin taimako, gidan kaso ne makomarsa. Ita da kanta ta roƙi a ba ta wannan kwalejin da ke kan hanyar Magarya zuwa Dungas. A nan ƙanenta Dikko ya yi karatu. A nan wani mai bincike daga Yamai ya taɓa zuwa da irin tambayoyin nan, Dikko ya faɗi gaskiya, ya ce ana sayar da hatsinsu. Motar baƙon ba ta daɗe da tashi ba aka ɗaure shi a sandar tuta aka zane shi, aka kore shi da sunan ɗan tawaye. Ya koma garinsu Kwaya ya tarar fari yana kashe shanun babansu. Ya kora ragowar kudu yana tarin jini. Sandarsa da malfarsa kaɗai makiyaya suka dawo da su gida.

A takardun aiki ita Madam Sambo ce, sunan mijinta. Ba ta ce wa kowa a nan ita 'yar Ɗantsoho, uban Dikko, ce ba.

Wani ɗalibi a layin baya ya ɗaga hannu, ɗaya hannun yana riƙe da ciki.

"Mushe, zan fita."

Bai jira izini ba ya ruga. Wani ya bi shi. Wata yarinya ta miƙe ita ma tana cije leɓe.

"Lafiya, Mushe Darakta?" Turai ta tambaya.

"Yara ne. Sun ga shinkafa da nama sun ci ba lissafi."

"Kullum haka suke yi?"

"Kamar yaya?"

"Cewa ka yi kowace ranar kasuwa ana yanka musu rago. Na ga kamar cikinsu bai san da maganar ba."

Wani ya yi 'yar dariya a cikin ɗalibai, ya haɗiye ta da sauri.

Makullan suka daina kaɗawa.

Tun safe abin yake cin Turai. Zuwan bazata aka shirya. Ba wanda ya san ranar sai ita da mijinta Sambo, wanda shi ne shugaban tawagarsu, kuma shi yana can masaukin baƙi a Magarya kwance, ya ce zazzaɓi ya kama shi. Amma ta iso ta tarar an shafe bango da farar ƙasa, an yanka rago, an koya wa yara amsa. Wa ya aiko?

Ta ture tunanin gefe, ta miƙe.

"Ina son tulu mai ƙaramin baki. Da ƙwaryar gyaɗa. Da kwanon tsakuwa."

"Me za a yi da su?"

"Tambaya."

"Ai kin gama tambaya. Ga takardunki nan."

"Ka san rubutun kowannensu, Mushe. Su ma sun san ka sani."

"Madam, wannan ba ya cikin ƙa'ida."

"Kyaftin ɗin da ke riƙe da Magarya ya ce in wani ya tare min hanya in aika masa direba. In aika?"

Darakta ya dube ta sama da ƙasa. Ya ɗaga wa wani malami hannu.

"Ku kawo mata. Mu ga wasan."

Aka kawo. Turai ta zuba yashi a gindin tulun don kada a ji ƙarar abin da ya faɗa ciki. Ta sa aka kai komai ƙaramin ɗakin da ake ajiye kwanoni, ta rataya tabarma a ƙofa. Sannan ta juyo, ta bar Faransanci, ta yi musu Hausar gida.

"Ƙannena, ku saurara. Ɗaya bayan ɗaya za ku shiga. Ba mai ganinku sai Allah. Wanda ya gamsu da zaman makarantar nan ya jefa gyaɗa a tulu. Wanda bai gamsu ba ya jefa tsakuwa. Ba suna, ba rubutu. Kun ji?"

Ɗaliban suka saci kallon Darakta.

"Na ce kun ji?"

"Mun ji, Madam."

Suka fara shiga. Na farko ya fito da gudu kamar an biyo shi. Na biyu ya ɗan jima. Daga nan layi ya miƙe, kowa ya shiga ya fito yana kallon ƙasa, wasu suna goge baki. Darakta ya ja kujerarsa kusa da ƙofar, duk wanda ya zo wucewa sai ya kira sunansa da na ubansa da na ƙauyensu, a hankali, kamar mai gaisuwa.

Turai ta ji zuciyarta tana tafasa, amma ta ƙyale shi.

Da na ƙarshe ya fito, Darakta ya riga ta ɗaga tabarmar. Sai ga shi ya fito da ƙwaryar gyaɗa a hannu, ya kife ta a gaban kowa. Ba ko ƙwaya ɗaya.

Ya fashe da dariya.

"Madam, gyaɗarki ta ƙare! Har ba ta ishe su ba! Sai mu tafi biro, ofishina, ki sha ruwan sanyi, kin wahalar da kanki."

Turai ta dubi ƙwaryar. Ashe har a ɓoye tsoron bai sake su ba? Ashe banza ta zo?

"A kawo tulun," ta ce.

Malamai biyu suka ciccibo shi. Ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗakin, ta karkata bakinsa da hannunta.

Tsakuwa ta zubo.

Tsakuwa ta ci gaba da zubowa.

Ta girgiza tulun har yashin ya biyo baya. Ta sa hannu ta baje tarin. Can a tsakiya ta tsinci 'yan gyaɗa da ba su cika tafin hannu ba.

"To ina sauran gyaɗar?" wani malami ya tambaya, bai san maganar ta fito ba.

Turai ta leƙa ɗakin kwanonin. Ƙasa duk ɓawo.

"Sun cinye," ta ce. "Ɗanya suka cinye ta, Mushe Darakta. Yaran da ka ce sun ƙoshi da nama."

Fuskar Darakta ta canza, amma ɗan lokaci kaɗan. Ya sa ƙafa ya taɓa tarin tsakuwar.

"Sai me? Dutse za ki kai wa hukuma? Wanne ne a ciki zai tashi ya ce Maiwada ya yi kaza? Ni ina da takardu da rubutun hannunsu. Ke kina da abin da aka share daga tsakar gida."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta sani. Kyaftin ba zai ɗaure mutum a kan tsakuwa ba. Baki ake so. Mutum mai suna, wanda zai tsaya ya faɗa.

Ta juya wajen ɗaliban.

"Akwai mai magana?"

Ba wanda ya motsa.

"Wallahi ba abin da zai same shi. Na rantse muku."

Wani daga manyan ya kawar da kai. Ta ga wani yana taɓa na kusa da shi da gwiwar hannu. Rantsuwar ba ta shige su ba ko kaɗan, har ma kamar ta ƙara rufe musu baki.

Turai ta matsa kusa da su. Ba ta yi niyyar fiddo wannan yanzu ba.

"'Yan ajin ƙarshe, kuna sabbin shiga lokacin. Cikinku wa ya san Dikko Ɗantsoho?"

Kawuna suka ɗago gaba ɗaya.

"Ni yayarsa ce. Uwa ɗaya, uba ɗaya."

Wata yarinya a ɓangaren mata ta sa hannu ta toshe baki. Ta kusa da ita, doguwa, siririya, mai zanen Fulani a kumatu, ta miƙe tsaye. Ƙawarta ta ja mata siket, ta fisge.

"Zuwera, zauna," Darakta ya ce.

"Yana ina yanzu, Madam?" yarinyar ta tambaya. "Ce mana aka yi ya tafi Kano yana kasuwanci."

"Ya rasu."

Zuwera ta tsaya kamar ba ta ji ba. Sai hawaye.

"Shi ya riƙa ba ni rabin kununsa shekarar da na zo," ta ce. "Ina kuka ina cewa gida zan koma, ya ce in daure."

"Zuwera, na ce ki zauna! Jarrabawarki saura kaɗan, ki tuna."

Ta share fuska da bayan hannu.

"Madam, rubuta. Sunana Zuwera, 'yar Maigari Tamu, daga Dungas. Kunu muke sha da safe, mai tsutsa. Da rana wani lokaci babu. Duk daren kasuwar Dungas kamyo, babbar motar kaya, yana zuwa bayan mangaza, manyan maza ake tasa su yi lodin hatsi, a tsallaka da shi Najeriya. Man gyaɗa ma haka, madarar taimako ma haka. Jiya aka tara mu aka rubuta amsa a allo, aka ce duk wanda ya kauce zai ga abin da Dikko ya gani."

"Ni na yi lodin," wani ya ce daga ɓangaren maza.

"Ni ma."

"Ni ma, Madam."

Turai tana ta rubutu. Daɗin da ta ji har tsoro ya ba ta. Ta ɗago ta dubi mutumin da ta kwana tana tsine wa shekara da shekaru, tana so ta ga ya durƙushe.

Bai durƙushe ba. Tsaye yake yana gyara hannun riga.

"Madam, zo biro. Magana ce ta manya."

"Faɗe ta a nan."

"In na faɗe ta a nan ke za ki fi ni jin kunya. Zo."

Wani abu a muryarsa ya sa ta bi shi. A ƙofa ta ce wa direbansu Muttaƙa ya tsaya kusa da Zuwera, kada kowa ya taɓa ta.

Darakta ya rufe ƙofar biro, ya zauna, ya nuna mata kujera. Ta ƙi.

"Turai," ya ce.

Ta yi turus. Ba ta faɗi sunan nan a gaban kowa ba.

"Turai 'yar Ɗantsoho ta Kwaya. Kin zaci yau na san ki? Tun kafin ki baro Yamai na san ke ce mai zuwa, da ranar da za ki zo."

"Wa ya gaya maka?"

"Za mu zo nan. Ki fara gaya min, me kike so?"

"In ga an sa maka ankwa a gaban sandar da ka ɗaure shi. In ga an wuce da kai ta tsakiyar kasuwar Magarya ba hula. In je Kwaya in ce wa tsohon da ya makance da kuka, Baba, na rama."

"To. Ni na sa aka doke shi, ban musa ba. Ni na kore shi. Amma ke mai ilimi ce, yi tunani. Yaron nan a ɗaki ya yi magana, ƙofa a rufe, daga shi sai baƙon Yamai. Ni ina gidana. Ta yaya na ji?"

"Kana da 'yan leƙen asiri."

"Ban buƙace su ba. Baƙon da kansa ya zo, ya zauna a kujerar nan da kika ƙi zama, ya sha lemona, ya ce, Mushe, akwai wani yaro mai baki, Dikko sunansa, ka san yadda za ka yi da shi kafin maganar ta kai sama."

Turai ta tuna muryar Dikko ranar da ya iso gida, yana kwance rub da ciki. Yaya, mutumin kirki ne fa, mai fara'a. Ya dafa kafaɗata ya rantse ba mai ji. Ban san yadda aka yi ba. Ko sunansa Dikko bai sani ba, Mushe Anspekta kawai suke ce masa. Ta nemi rahoton wancan binciken a ma'aikata ta rasa. Mijinta ya taya ta nema, ya dawo ya ce ya ɓace lokacin juyin mulki.

"Faɗi sunansa," ta ce. "Shi ma ba zan bar shi ba."

"Allah?"

"Ko ɗan waye."

Darakta ya jingina da kujera.

"Yaya jikin maigidan naki? Na ji an ce zazzaɓi ya hana shi ƙarasowa."

"Me ya kawo maganarsa?"

"Ɗalibina ne, tun yana ƙaramin aji a Damagaram. Yaro mai biyayya. Zazzaɓin nan na san shi. Duk 'yan ajin ƙarshe sun san fuskarsa, shi ya sa."

"Ƙarya kake yi."

"To."

"Ƙarya kake yi! Bai taɓa taka makarantar nan ba. Da bakinsa ya gaya min."

"A ina kuka haɗu?"

Ta kauda ido daga kansa.

"In tuna miki? Kin je biron ilimi a Damagaram kina kuka, kina roƙon a mayar da ƙanenki lakwal ya ci gaba da karatu. Kowa ya kore ki, sai wani saurayi da ya zo daga Yamai ya ba ki kujera, ya ba ki ruwa, ya ce zai yi bakin ƙoƙarinsa. Ba ki taɓa tambayar kanki me ya sa shi kaɗai ya damu ba? Ko tausayi ne, ko tsoro, ko yana son ki zauna inda idonsa yake, wannan shi za ki tambaya."

Ta dafa tebur.

"Me ka ba shi?"

"Ni ban saye shi ba, shi ya kawo kansa. Yunwa ake yi, uwarsa da ƙannensa suna cin ganye. Na riƙa aika musu buhu. Da aurenku ya tashi, a shekarar da ko masu kuɗi ba sa tara jama'a, ba ki yi mamakin inda ya samo hatsin da aka ciyar da unguwa guda ba?" Ya ɗaga makullan ya girgiza. "Tuwon bikinki daga mangazar nan ya fito, 'yata. Kin ci, danginki sun ci, har tsohon da kike cewa ya makance."

Ta janye hannunta daga teburin.

"Na ji kun haihu," ya ci gaba. "Namiji. Wane suna ma aka sa?"

Dikko aka sa. Sambo ne ya zaɓa. Ta tuna yadda ta rungume ƙafarsa ranar tana godiya, tana cewa ba ta san da me za ta biya shi ba.

"Yanzu ki saurare ni," Darakta ya ce, ya sassauta murya. "Ki ɗauki takardun farko ki kai Yamai. Tsakuwa a mayar da ita tsakar gida. Yarinyar nan Zuwera ba zan taɓa ta ba, ta yi jarrabawarta ta tafi. Zan gyara abincin ma, na yi alkawari. In kuwa kin ƙi, ni tsoho ne, kaso ba zai ci min shekaru da yawa ba. Amma ba ni kaɗai zan shiga ba. Bakina zai buɗe tun a mota. Ɗanki zai tashi ana nuna shi, ga wanda uwarsa ta ɗaure ubansa. Zaɓi."

Turai ta dubi bango. Akwai hoton ɗaliban wata shekara a rataye, ba ta yarda ta matsa ta duba ba.

Ƙarar mota ta shigo daga waje.

Darakta ya leƙa taga, ya yi murmushi.

"Kin gani? Zazzaɓin ya sauka. Zama ya gagare shi."

Ta buɗe ƙofa ta fita.

Ɗalibai duk sun fito fili, sun yi cirko-cirko a rana. Wata tsohuwar motar kasuwa ta tsaya a bakin ƙofar makaranta. Sambo ya sauko, ya yafa rawani ya rufe rabin fuska, ga baƙin tabarau. Ya hango ta, ya taho da sauri, yana bin gefen katanga.

"Madam, ya aikin? Na ji shiru ne na ce bari in biyo. Kin gama? Mu tafi, rana ta yi."

Ta tsaya tana kallonsa. Hannun nan da ya miƙo zai karɓi jakarta, shi ne ya dafa kafaɗar Dikko.

"Cire rawanin."

"Sanyi nake ji, kin san jikin..."

"Sambo."

Ya daskare. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a ɗaki, balle a gaban jama'a.

"Cire rawanin, ka cire tabarau, ka gaida ɗalibai. Ba kai ne shugaban tawaga ba?"

"Turai, don Allah, mu je gida mu yi magana."

"Ka taɓa zuwa makarantar nan?"

"Me mutumin nan ya gaya miki?"

"Tambaya ɗaya na yi maka. Ni aikina ke nan, tambaya."

Ta sa hannu ta fisge rawanin, tabarau ya faɗi ƙasa.

Guna-guni ya tashi daga wajen 'yan ajin ƙarshe. Zuwera ta matso, ta ƙura masa ido, ta ja da baya.

"Madam, shi ne. Shi ya zo wancan karon. Shi ya rantse mana."

"Shi ne wallahi," wani ya ce. "Mushe Anspekta."

Sai yanzu Turai ta gane abin da ya sa rantsuwarta ta ɗazu ta rufe musu baki.

Sambo ya durƙusa a kan yashi, ya kama gefen zanenta.

"Ban san za a doke shi ba. Wallahi ban sani ba. Cewa na yi a ja masa kunne kawai. Inna tana kwance ba abinci, Turai, me zan yi? Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Duk abin da na yi miki don in goge ne."

"Ka goge da me? Da ni?"

"Ki dubi yaronmu."

"Kullum ina dubansa. Kullum ina kiran sunansa a gabanka, kana amsa min da murmushi."

"Ki yafe min."

"Ba ni ka yi wa ba. Wanda ka yi wa yana wani daji da ko kabarinsa ba mu sani ba. Je ka nemo shi ka roƙe shi."

Ta janye zanenta daga hannunsa. Darakta ya fito ya tsaya a inuwar baranda, hannu a baya, yana jiran ya ga ta karye.

"Zuwera, shiga mota. Ku ma masu lodi, ku shiga. Ba wanda zai kwana a nan cikinku sai kyaftin ya ji daga bakinku."

Suka shiga suna waige.

"Muttaƙa."

"Na'am, Madam."

"Kai su Magarya, kai tsaye wajen kyaftin, kada ka tsaya ko'ina. Ni ina nan, ba zan matsa daga ƙofar mangazar nan ba. Ka ce ya turo jandarma."

"To, Madam."

"Ka ce su taho da ankwa biyu."

Sambo ya miƙe zumbur. Hawayen suka ɗauke, muryarsa ta koma ta shugaba.

"Muttaƙa, ni na ɗauke ka aiki. Ba ni makullin motar nan."

Direban ya dubi hannun da aka miƙo masa. Ya dubi Turai. Ya waiwaya ya dubi yaran da ke bayan motar, sun matse juna, ƙasusuwan wuyansu a waje.

"Ka yi haƙuri, Mushe," ya ce.

Ya tada mota.